Idona ya karkace bayan ciwon tayirod, me ya sa aka ce in jira kafin a yi mini aiki?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekaruna 43, ɗinki nake yi a gida a Zariya. Shekara biyu da suka wuce aka ce tayirod ɗina yana aiki fiye da ƙima, aka ɗora ni a kan kabimazol. Ramar da faɗuwar gaban sun lafa, amma idanuna suka firfito, kuma yau kusan wata goma idon hagu ya karkace yana kallon ƙasa. Komai biyu-biyu nake gani, ɗaya a saman ɗaya, sai na ɗaga haɓa sannan su haɗe. Idan ina kallon ƙasa a kan keke da sauƙi, amma tafiya a titi ko kallon fuskar mutum ya zama wahala. Yaran unguwa har sun fara ce mini harara-garke. Likitan idon da nake gani ya ce akwai aiki, amma in jira. Jiran me? Kuma in an yi aikin, idon zai koma yadda yake a da?"

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Abu biyu kika tambaya, dalilin jira da kuma abin da aikin zai iya dawo miki da shi. Amsar duka biyun tana cikin abin da ciwon ya yi wa tsokar idonki, don haka daga nan zan fara. Amma ki kwantar da hankalinki tukuna: irin wannan karkacewar ana gyara ta, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin a kan lokacinsa suna komawa ganin abu ɗaya a gabansu. Da wurina kika zo, ni ma jira zan ce ki yi.

Abin da ya sami tsokar

Kowane ido tsokoki shida ne ke juya shi. Huɗu a miƙe suke, ta sama, ta ƙasa, ta wajen hanci da ta wajen kunne, sai biyu a karkace masu murza ƙwayar idon. Ki ɗauke su kamar ragamar doki: idan aka ja ta dama dole ta hagu ta saki, in ba ta saki ba kan dokin ba zai juya ba. Haka ido yake. Kafin ki kalli sama, sai tsokar sama ta ja, ta ƙasa kuma ta saki jiki ta miƙe.

Ciwon da ke damunki sunan Robert Graves ya ɗauka, wani likitan birnin Dublin da ya yi bayaninsa a 1835. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ta tilasta mata aiki babu hutu. A jikin wasu masu ciwon, wannan farmakin yana kaiwa ga kitse da tsokokin da ke bayan ido. Sai su kumbura, su tara ruwa. Gurbin ido kuwa ƙashi ne ya kewaye shi, ta gaba kaɗai yake a buɗe, shi ya sa idon ke firfitowa. Bayan watanni kumburin yana sauka, amma ba ya tafiya haka nan, yana barin tabo a cikin tsokar. Kin san yadda ɗanyar fata ke yi in an shanya ta ba a miƙe ta da turaku ba, ta ƙanƙance ta taurare ta zama ƙirgi. To kusan haka tsokar ke komawa, gajera kuma mai tauri.

Tsokar ƙasa ce aka fi samun ciwon ya kama, sai ta wajen hanci, sannan ta sama, ta wajen kunne ce ƙarshe. Bayaninki ya yi daidai da tsokar ƙasa ta idon hagu. Ta ɗaure idon ta ja shi ƙasa, tsokar sama tana ja amma abin ya fi ƙarfinta. Da kika ɗaga haɓa, idanun biyu suna komawa kallon ƙasa, inda tsokar mai tauri ba ta takura, sai hotunan su haɗe. Shi ne kuma dalilin da ɗinki bai gagare ki ba. Ki riƙe wannan maganar ta kallon ƙasa, za mu dawo kanta, don ita ce abin da na fi jiye miki tsoro a duk al'amarin.

Naki ya bambanta da harara-garken da ake tasowa da shi tun yarinta. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon watsi da hoton ido ɗaya, shi ya sa yaran ba sa kukan ganin abu biyu. Ƙwaƙwalwar babba ta riga ta saba haɗa hotuna biyu, ba ta iya yar da ɗaya. Kuma ki sani, daidaituwar gwajin jinin tayirod ba ta nufin idon ya huce. Ciwon idon tafiyarsa daban, har akwai waɗanda ke samunsa alhali gwajin jininsu lafiya lau.

Jiran me?

Tun a shekarun 1940 wani likita mai suna Rundle ya lura da yadda ciwon ke tafiya, kuma har yau bayaninsa muke bi. Yana tashi da zafi, ya tsaya a ƙololuwa na wani lokaci, sannan ya lafa a hankali ba tare da ya koma daidai inda ya faro ba. Zangon zafin kan ɗauki daga wata shida zuwa shekara biyu, ga masu shan taba ya fi haka. A duk tsawon zangon nan tsokokin suna canzawa. Wadda ta yi tauri yau tana iya ƙara tauri, tana iya ɗan saki, wata a ɗaya idon tana iya shiga sahu.

Ke mai ɗinki ce, kin fi ni sanin cewa ba a ɗinka wa mai jego riga da awon da aka ɗauka tana da cikin wata takwas. Aikinmu ma awo ne, da milimita muke lissafi. Muna ɗora wani gilashi mai karkatar da haske, firizim, a gaban idon, muna ƙara ƙarfinsa har sai idon ya daina motsi idan an rufe ɗaya an buɗe ɗaya. Lambar da muka samu ita ce awon karkacewar, kuma muna ɗaukarta a kallon gaba, sama, ƙasa, dama da hagu. Abin da muke jira shi ne wannan lambar ta tsaya cak kimanin wata shida, idon kuma ya huce. Ashe ke nan wata goman da kika ƙirga ba daga nan ake fara lissafi ba. Daga ranar da awon ya daina sauyawa ake farawa.

Hucewar ido ma tana da alamomi bakwai da muke dubawa: ciwo a bayan ido haka kawai, ciwo idan an juya shi, jan fatar ido, kumburin fatar ido, jan farin ido, kumburin tantanin da ke kan farin idon, da kumburin ɗan naman nan na kusurwar hanci. In an sami uku ko fiye, ciwon bai kwanta ba.

Na taɓa gaggawa a kan wani bawan Allah direban babbar mota, kuma har yau abin yana raina. Ganin abu biyu ya raba shi da tuƙi, iyali ga su nan, kullum ya zo sai ya roƙe ni. Awonsa ya tsaya sau biyu a jere cikin wata uku, na ce bari in taimaka. Aikin ya yi kyau, ya tafi yana sa mini albarka. Bayan wata huɗu ya dawo, tsokar ƙasa ta ɗaya idon ta taurare, lissafin da na yi duk ya rushe, har ya fi shan wahala a kan da. Sai da muka sake jira, muka sake shiga ɗakin tiyata. Tausayi ne ya ja ni, amma kuskuren nawa ne, kuma shi ya biya da kuɗinsa da lokacinsa.

Akwai wani dalilin jira da ya shafe ki kai tsaye tunda kin ce idanun sun firfito. Ayyukan wannan ciwo suna da jeri. Idan firfitowar ta kai a faɗaɗa gurbin ido, wato a cire wani sashe na ƙashin bangonsa ko a rage kitse don idon ya koma ciki, to wannan ake fara yi, domin shi kansa yana sauya saitin ido, musamman in an taɓa bangon wajen hanci da na ƙasa. Bayansa sai aikin tsoka. Gyaran fatar ido shi ne na ƙarshe, saboda aikin tsoka yana motsa fatar. Wanda ya juya jerin nan zai yi aiki ɗaya sau biyu. Ki tambayi likitanki ƙarara ko yana ganin kina buƙatar faɗaɗa gurbin. Ba kowa ke buƙata ba.

Inda babu jira kuwa shi ne idan gani ya fara dusashewa, ko launuka suka fara koɗewa, ja ya koma kamar atamfar da ta sha wanki, ko idon ya daina rufuwa har baƙinsa ya fara fari ko miki. Dusashewar gani da koɗewar launuka alama ce ta cewa kumburarrun tsokoki sun matse jijiyar gani a can ƙarshen gurbin. Wannan a ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Abin yi kafin lokacin ya zo

Kada ki daina kabimazol ko ki rage da kanki. Hawan tayirod da saukarsa ƙasa da ƙima duk suna tayar da ciwon ido. In aka kawo miki shawarar maganin aidin mai ƙona tayirod, ki tabbata likitan ya san halin idonki, domin yana iya ƙara tsananta shi in ba a haɗa da kariya ba. Taba ita ce babbar abokiyar gabar wannan ciwo, sigari ko shisha, kuma in akwai mai sha a gida a roƙe shi ya fita waje. Ruwan ɗigawa mai maye gurbin hawaye zai taimaka miki sosai, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke gallabar idon da ba ya rufuwa ruf.

Ganin biyu-biyun ma akwai dabarar rage shi. Akwai firizim na roba, siriri, da ake mannawa a jikin tabarau, ana canza shi duk lokacin da awon ya sauya. Yana ɗan rage kaifin gani, amma ya fi ɗaga haɓa har wuya ya ƙage. In karkacewar ta fi ƙarfinsa, a rufe gilashin ido ɗaya da salatif mai duhu. Rufewar ba ta kashe idon babba, kada wani ya tsorata ki.

Idan ciwon yana kan zafinsa sosai, ana ba da siteroyid, maganin kwantar da kumburi, ta jijiya sau ɗaya a mako har mako 12, wani lokaci a haɗa da gashin gurbin idon da hasken na'ura don rage kumburin. A watan Janairun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani, Tepezza, wanda ake ƙarawa ta jijiya sau takwas. Yana rage firfitowa, yana rage ganin biyu ga wasu, sai dai tsadarsa ta wuce misali, kuma yana iya taɓa ji ya ɗaga sukari. Wasu likitocin kan yi wa tsokar allurar Botox don ta ɗan saki na 'yan watanni. Duk waɗannan sun fi amfani kafin tabo ya kafu. Tsokar da ta riga ta zama ƙirgi wuƙa ce maganinta. Ina roƙonki kada ki sayi siteroyid a kemis, na sha ko na ɗigawa, don idon ya yi ja. Na ga waɗanda suka zo da hawan jinin ido ta wannan hanyar.

Tunda na ambaci hawan jinin ido, ga wani abu da ke ruɗa ma'aikata. Tsokar ƙasa mai tauri tana matse ƙwayar ido idan an yi ƙoƙarin kallon gaba ko sama, sai na'ura ta nuna matsi ya hau. In aka gaya miki haka, ki nemi a sake aunawa kina ɗan kallon ƙasa kafin a ɗora ki a kan maganin har abada.

Yadda aikin yake

Ba a ciro ido a ajiye a faranti, kamar yadda ake yaɗawa. Cikin ƙwayar idon ma ba a shiga. Bayan an sa ki barci, abin da nake fara yi shi ne in kama idon da ɗan hantsaki in juya shi kowane ɓangare, in ji da hannuna inda ya ƙi tafiya. Sau da yawa wannan gwajin yana sauya mini shiri, domin yakan tona taurin da awo bai nuna ba. Daga nan a tsaga siririn tantanin da ke kan farin ido, a saƙalo tsokar, a sa mata zare, a raba ta da inda take manne, wajen milimita shida da rabi daga gefen baƙin ido ga tsokar ƙasa, sannan a mayar da ita baya kaɗan a ɗinke. An sassauta ragama ke nan. A harara-garken yara mukan gajarta tsokar da ke ɗaya gefen don ƙara mata ƙarfi, amma a nan da wuya mu yi haka, don ido mai ɗaure ɗaya ba ya buƙatar na biyu.

Wahalar ita ce sanin milimita nawa. A tsoka mai lafiya muna da jadawali, kowace milimita tana gyara kusan lamba biyu zuwa uku na firizim. Tsokar tayirod ba ta bin jadawali sosai. Shi ya sa da yawanmu muke yin ɗinkin da ake iya gyarawa: a bar ƙullin a zarge, idan kin farka, a ranar ko washegari, a ɗiga maganin kashe zafi, ki zauna ki kalli wani abu a bango da wani a hannunki, a ja zaren ko a sassauta har ki ce sun haɗe, sannan a ƙulle. Ba daɗi gare shi ba, amma ana jurewa, 'yan mintoci ne. Wasu ƙwararrun kuma sun fi son su saki tsokar su ga inda ta kwanta da kanta idon yana kallon gaba, su ɗinke ta a nan tamau. Kowace hanya tana da masu ita, kuma wadda hannun likitanki ya saba da ita ta fi miki.

Kada ki yi mamaki in an ce za a taɓa idon dama ma. Sau da yawa ciwon yana cikin duka biyun, ɗaya ne kawai ya fi. Raba gyaran tsakanin idanu biyu yakan ba da filin gani mafi faɗi a kan a ja tsoka ɗaya baya da nisa. Haka kuma ba mu cika raba tsokoki miƙaƙƙu fiye da biyu a ido ɗaya a zama ɗaya ba, saboda jijiyoyin jinin da ke ciyar da gaban ido ta cikinsu suke bi.

Zai koma yadda yake?

A fuska, galibi mai kallonki ba zai ƙara lura da karkacewar ba. A motsi kuwa, tsokar da ta yi tabo ba ta komawa sabuwa. Abin da muke nema wurare biyu ne: ki ga abu ɗaya idan kin kalli gabanki kanki a daidai, ki kuma ga abu ɗaya idan kin kalli ƙasa. Kallon can sama ko can gefe yana iya ci gaba da rabuwa, sai ki saba juya kai maimakon ido.

Ga maganar da na ce za mu dawo kanta. Tsokar ƙasa tana da wata ɗabi'a: bayan an mayar da ita baya, cikin makonni ko watanni takan ƙara zamewa, ko kuma tsokar sama da ita ma ciwon ya taɓa ta sami dama ta ja idon ya wuce. Sai idon da ke kallon ƙasa ya koma yana kallon sama, kuma ganin biyun ya sauko daidai inda a yanzu kike da lafiya. Allura da zare a ƙasa suke, haka karatun Alƙur'ani, sauka daga bene, tsallake kwata, kallon wurin sujada, har lomar da ke cikin kwano. Wanda aka gyara wa gaba aka ɓata masa ƙasa ya fi shiga uku a kan yadda ya zo. Saboda haka, ga mai sana'a irin taki, da gangan nakan bar gyaran da ɗan saura a ranar aiki. In kin farka kika ga akwai ragowar rabuwa kaɗan, mai yiwuwa haka aka tsara. Ki gaya wa likitanki tun kafin aiki cewa da ɗinki kike ci, don ya sa shi cikin lissafi.

Fatar ido ta ƙasa tana haɗe da kuben tsokar nan, don haka tana iya ɗan sauka farin ido ya bayyana a ƙarƙashin baƙin. Muna ƙoƙarin raba su lokacin aiki, in kuma ta sauka duk da haka ana gyarawa daga baya. Firfitowar ba ta raguwa da wannan aikin, tana ma iya ƙaruwa kaɗan tunda an saki abin da ke riƙe idon baya. Wasu suna buƙatar aiki na biyu, wasu ɗan firizim da aka gina a cikin tabarau ya ishe su. Shigar ƙwayoyin cuta, huda farin ido da allura, ko tsinkewar tsoka ba kasafai suke faruwa ba, amma haƙƙinki ne a gaya miki su kafin ki sa hannu.

Duk wannan daga wasiƙarki na gina shi, ban ga idonki ba, ban ga hoton gurbin ba. Akwai abu ɗaya da zai iya sauya maganar gaba ɗaya: idan ganin biyun yana sauƙi da safe ya tsananta da yamma, ko fatar idonki ta sama tana faɗowa in kin gaji, ki faɗa. Akwai wani ciwon raunin tsoka da kan zo tare da na tayirod, kuma shi da magani ake fara bi. Sannan ba kowane likitan ido ne ya saba da aikin tsokar manya masu tayirod ba, ba laifi ki tambayi naki ko yana yi akai-akai ko zai tura ki. Daga Zariya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna duk ba su yi miki nisa ba wajen neman ra'ayi na biyu.

Bayan aiki akan koma gida a ranar ko washegari. Idon zai yi ja na 'yan makonni, zai riƙa yi miki kamar da tsakuwa a ciki har zaren ya yi laushi. Ki bi magungunan ɗigawa, ki ajiye tozali, ki kiyaye ruwa shiga idon wajen wanka da alwala har likita ya ba ki izini. Ba a yanke hukuncin sakamakon sai an kai wata biyu zuwa uku.

A zuwanki na gaba, ki roƙi a gaya miki lambar firizim ɗinki ta kallon gaba da ta kallon ƙasa. Ki rubuta su da kwanan wata a bayan littafin da kike rubuta awon masu kawo ɗinki, kuma ki riƙa zuwa da shi kowane wata biyu ko yadda aka tsara miki. Ranar da kika ga layi huɗu a jere lambobin ba su motsa ba, idon kuma ya daina ja da kumburin safe, sai ku zauna da likitanki ku tsayar da rana. Allah ya sa a yi a sa'a.